Kafin a Kai Ilham Yaye

Saƙon ya shigo ranar Asabar da hantsi, ina tsugune gaban famfo ina cika jarkoki, don ranar ce ruwa ya waiwayi layinmu na unguwar Garin Malam bayan kwana huɗu. Mijina Suma'ila, wanda duk unguwa ke kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, saboda yana koyar da tarihi a lise, wato lakwal ta sakandare, ya fito daga ɗaki da waya a hannu yana murmushi. Ya ƙara murya don in ji. Mahaifiyarsa ce, Iya, da Hausarta mai gauraye da Barbarci.

"Suma'ila, na ƙirga, takwarata ta cika wata ashirin da ɗaya. Juma'ar nan da za ku yi hutun lakwal ka kawo mini ita in yaye ta. Na sa Malam ya yi rubutu, na surfa gero. Kada ka ce mini aiki. Uwarta ma ta huta, ta sha wahala."

Takwarar tata ita ce ƴata. Sunanta na yanka Fatima, sunan Iya, shi ya sa muke ce mata Ilham. A lokacin tana zaune cikin baho tana dukan ruwa da ludayi, ba ta san da ita ake ba.

Kai yaro yaye wurin kaka ba baƙon abu ba ne gare ni. Ni ma kakata ce ta yaye ni a Takieta, an ce wata biyu na yi can, na dawo ina gudun mahaifiyata. Amma Takieta tana kan kwalta yamma da Damagaram, abin da ke faruwa can bai wuce tsayawar motoci ba. Iya kuwa a Dalari take, ƙauyen masu noman tattasai can gabas, bayan Maine, inda in ka hau tudu kana hango itatuwan bakin Komadugu. Waɗanda ke hayin kogin da cikin tsibirai kowa ya san su. Mu a gida ba ma kama sunansu, sai mu ce mutanen daji.

Ga kuma abin da ya ɗaure mini baki. Ilham ƴar fari ce. A gidanmu mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ba ta kiran sunansa gaban manya, in kaka ta ce a kawo, sai ki nemo zanen goyo ki miƙa, har ki yi kamar an sauke miki kaya. Ni na yi boko, in mu uku ne a ɗaki ina kiran sunanta har in yi mata rawa. Amma in buɗe baki in ce wa surukata a'a a kan takwararta, wannan ban taɓa ko kwatanta shi a raina ba.

Sai na bi ta gefe. Na ce, "Mushe, hanyar fa?"

"Hanya lafiya lau. Motoci na zuwa kullum."

"Garin fa?"

"Yawwa," in ji shi, "yanzu kika shigo gonata." Ya goge kujera ƴar tsugunne ya zauna, ya ɗora ordinatar, wato kwamfutarsa, a gwiwa.

Shekara biyu ke nan yana karatun digirin mastar a jami'a bayan ya taso daga koyarwa. Memwar ɗinsa, wato littafin da zai tsaya ya kare gaban malamai, a kan yadda ƙungiyoyin nan ke yanke shawarar inda za su kai hari ne. In aka taɓo maganar, ko abinci na gabansa sai ya huce.

"Bon, saurara, Luba. Masana sun rabu. Wasu sun ce aƙida ce ke jan mutanen nan, ba sa duba gaba ba sa duba baya. Wasu sun ce a'a, ƙungiya babban abin da ya dame ta kada yaranta su watse, sai ta riƙa nema musu abin yi. Ni ina tare da na uku. Ƙungiya kamar ɗan kasuwa take, sai ta auna abin da za ta samu da abin da za ta rasa kafin ta ɗaga ƙafa. Ba mahaukata ba ne. Mugaye ne, amma suna da kai."

"To Dalari a ina ta faɗa?"

"Dalari suna noma tattasai, bulama mai garin na ba mutanen daji abin da aka yanka musu duk shekara, babu sansanin soja, babu ƴan banga. In suka ƙona garin, wa zai ba su baɗi? Kuma yanzu lokacin tsinka ne, lokacin da su kansu suka fi kowa son a zauna lafiya."

Ya juyo mini fuskar ordinatar. Tablo ne, wato jadawali, mai layi arba'in da bakwai, kowane layi hari guda, da sunan gari da wata da shekara. A sama gurbi huɗu na dalili: neman dukiya, hukunta garin da ya taimaki soja, ɗibar samari, nuna wa gwamnati ƙarfi.

"Duba nan. Garuruwa masu biya da aka taɓa uku ne kacal, ukun kuma duk sun haɗa kai da soja. Dalari ba ta taɓa yi ba. Babu layi ɗaya da ya fita daga gurbin nan huɗu. Me ma nake gaya miki? Ke da hannunki kika buga."

Jarkar da ke ƙarƙashin famfo ta cika tana zuba a ƙafata, ban ji ba sai da ya ce in rufe ruwa.

Gaskiya ya faɗa, ni na buga. Kafin aure na koyi buga takardu, hannuna ya fi nasa sauri nesa ba kusa ba. Shi yakan bi mutanen da suka gudo daga gabas, nan Damagaram da Gure, har da wasu samari da suka bar daji suka tuba, ya ɗauki maganarsu a waya. In ya dawo ya miƙo mini ya ce, "Ki saurara, ki taƙaita da Faransanci, ki sa kowanne a gurbinsa." Da farko gurbin biyar ne. Na biyar sunansa saura, nan nake zuba duk labarin da ya ƙi shiga sauran huɗun. Sai ya yi ta cika. Malamin da ke duba aikin ya gani ya ce littafin da sauransa ya yi wannan ƙiba bai nuna ba tukuna. Mushe ya dawo gida ranar ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ki sake saurare da kyau. Mutanen ƙauye ba sa faɗin dalili kai tsaye, yana nan ɓoye cikin zancen."

Bazara ce lokacin. Ilham na haƙori, ga gudawa, wuta ba ta wuce awa biyu a yini. Ina goye da ita, kunne ɗaya a waya, kunne ɗaya a numfashinta. Allah ne shaida ban ƙaga magana na sa a bakin kowa ba. Amma in mutum ya yi rabin awa yana zance ya ambaci soja sau ɗaya, sai in tura shi gurbin soja. In an kora awaki, sai in ce dukiya. Cikin mako guda gurbi na biyar ya zama fanko, Mushe ya goge shi, ya sayo mini kilishi don murna. Ni ma na yi murna. Aikin takarda ne, na ɗauka iyakarsa malamai su karanta su sa maki.

Yanzu ga shi a kan wannan takardar za a ɗora ƴata a mota.

Ranar Litinin, da ya tafi lakwal, na bar wanke-wanke a inda yake, na buɗe muryoyin tun daga farko. Lamba tara wani dattijo ne, muryarsa na rawa. Ya ce, "Ba mu suka nufo ba, ɗana. Wani gari suka nufa gaba da mu. Ruwa ya sauka, babura suka kafe a laka, suna nan tsaye suka hango hayaƙin girkinmu." Na sa shi a gurbin dukiya, don sun tafi da awaki.

Lamba talatin wani tubabbe ne. Ya ce wata rana shugabansu kan tashi da safe ya ce a shirya, su kansu ba su san ina ba sai sun isa, wata rana kuma a shirya ya fasa saboda cikinsa na ciwo. Na ji muryar Mushe cikin ladabi yana tambaya, "Amma mene ne manufar harin?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Mushe, ni fa galan ɗin mai nake riƙewa." Wannan na sa shi a nuna ƙarfi, ban ma tuna dalili ba.

Kafin azahar na ware goma sha ɗaya a bayan wani tsohon kaye, littafin rubutun ƴan makaranta. Wanda ya fi tsaya mini a rai lamba ashirin da biyu ne, wata mata Zainaba, daga ɗaya cikin garuruwa ukun nan masu biya. A kasuwa aka ɗauki muryar, hayaniya ta cinye rabin maganar. Abin da na ji sarai shi ne soja sun sha ruwa a rijiyarsu, a kan haka na tura ta gurbin soja. Mushe ya rubuta a gefe cewa turaren wuta take sayarwa a Kasuwar Dole.

Talata da safe na goya Ilham na hau adaidaita. Ban sha wahalar samunta ba, ƙamshi ne ya kai ni layin. Doguwar mata ce mai tsage a kumatu, tana zaune tsakanin kwalabe.

"Salamu alaikum, Ya Zainaba."

"Wa alaikumus salam. Na ɗaki ko na jiki?"

"Ba saye na zo ba. Ni ce matar Mushe, wanda ya zo da waya yana tambayoyi."

"A'a! Mai tambayar da ba ta ƙarewa! Yana nan? Ya gama littafin? Na ce masa in ya zama minista kada ya wuce ni a mota. Zauna, ƴar nan, sauke yarinyar ta sha iska."

Na zauna a kan benci, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Garinku kuna biya?"

"Biya? Shekara huɗu. Har takarda suke ba bulama, da hatimi a jiki, sai ki ce daga meri, ofishin magajin gari, ta fito."

"Kun taɓa kai rahoto wurin soja?"

"Wane mutum! Mu da in motarsu ta wuce ko tari ba ma yi."

"Amma kin ce sun sha ruwa a rijiyarku."

"Sun sha mana. Motarsu ce ta yi zafi, suka ɗiba suka zuba mata, suka wuce. Wata biyu kafin abin. Mutanen dajin ma sun ji, bulama ya aika musu bayani, suka ce ba komai."

"To me ya sa suka zo?"

Ta dube ni, ta yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Kai, ku dai gidanku. Haka mijinki ya yi ta yi mini, me ya sa, me ya sa." Wata mata ta zo ta tambayi farashi, ta sallame ta, sannan ta rage murya. "Wanda muke ba wa, wani babba ne cikinsu. Ya samu saɓani da wani babban. Wasu sun ce a kan injin kwalekwale ne, wasu sun ce wani ne ya shigo wani bai tashi ya ba shi wuri ba. Sai ɗayan ya ce bari ya ƙona masa gona. Mu ne gonar. Bulama ya fito da takardar nan ya ɗaga ta sama da hannu biyu."

Ta gyara zaman kwalaben gabanta. Sannan ta ci gaba.

"Tattasai na shanye tun daga bayan masallaci har bakin gari, ja wur. Shi ma ya kama wuta. Kwana uku muna tafiya idanunmu na zuba, ba ki san na kuka ba ne ko na yaji. Kuma wannan labarin ma daga baya muka ji. Ƙanwata har yau cewa take ba haka ba ne, ɓatan hanya suka yi. Wa zai je ya tambaye su?"

Ilham ta miƙa hannu za ta jawo kwalba, Zainaba ta kama hannun ta yi mata wasa. "Wannan ai ta isa yaye."

"Kakarta na Dalari. Juma'a za a kai ta."

Ta shiga ƙulla turare cikin ƴar leda. Ta daɗe tana ƙullin nan. "Dalari gari ne mai kyau," ta ce. "Mutane na nan zaune, ana aure ana suna. Ba zan ce ki kai ba, ba zan ce kada ki kai ba. Mu ma dai ranar lafiya muka tashi, har na ɗora wake." Ta tura mini ledar cikin hannu ta ce ta yarinya ce, kada in yi mata gardama.

Laraba da rana babu lakwal. Na bari ya ci abinci, ya yi sallah, ya miƙe ƙafa a tabarma ƙarƙashin rumfa. Sai na ajiye kayen a gabansa, na miƙa masa wayar na ce ya saurari lamba tara, da talatin, da ashirin da biyu. Na gaya masa abin da Zainaba ta ce. Na gaya masa yadda gurbi na biyar ya zama fanko.

Ya saurara har ƙarshe. Ya cire abin kunnen a hankali ya naɗe shi a yatsa.

"Nawa ne?"

"Goma sha ɗaya. Cikin garuruwa uku masu biya, biyu."

"Luba, saura wata biyu in kare aikin nan."

"Na sani."

"Kin sani! Me ya hana ki gaya mini tun lokacin?"

"Ka ce dalilin na ɓoye cikin zancen. Na nemo maka."

"Cewa na yi ki nemo, ban ce ki ƙera ba!"

"Bayan na buga, ka sake sauraron ko guda?"

Ya tashi ya je har bakin ƙofa ya dawo. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana neman aron turmi, ta ga fuskokinmu ta ce ta fasa daka. Da ya sake zama, malamin cikinsa ya riga ya farfaɗo.

"Bon. Na Zainaba ma ai masana sun san shi. Gasa ce tsakanin ɓangarori, akwai masu cewa yawancin ta'asar ma daga nan take fitowa. Zan iya buɗe masa babi."

"To masanan za su gaya mini ranar da wani zai ƙi tashi ya ba wani wuri?"

"Ba haka ilimi ke aiki ba. Talatin da shida cikin arba'in da bakwai sun zauna daidai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka'ida tana duba gari ɗari ta ce yawanci kaza ke faruwa. Har gobe in kika tambaye ni, Dalari ta fi yawancin garuruwan yankin kwanciyar hankali. Mahaifiyata shekara sittin tana can."

"Na yarda. Wallahi na yarda, Baban Ilham, ban ce karatunka banza ba ne. Da ni ce gwamna, aka ce in raba soja gari ɗari, littafinka zan buɗe. Amma ni ba ni da ɗari. Gari ɗaya ne, yarinya ɗaya ce, wata biyu za ta yi can ba na ganinta." Na rufe kayen. "Ilham ba za ta je ba."

Ban taɓa yi masa magana da irin wannan muryar ba. Ya dube ni kamar an canja masa mata a kasuwa. Yarinyar na gefe tana cusa wa ƴar tsanarta tuwo a ido.

"Ke za ki gaya wa Iya?"

Na ce, "Kira ta."

Sai a kira na huɗu wayar ta shiga. Ya yi mata bayani da Barbarci, ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya, na ji hanya, na ji sanyi, na ji hutu ya yi gajarta. Yana ta kewaye-kewaye don ya rufa mini asiri. Iya ba yarinya ba ce. Ta katse shi da Hausa, don in ji. "Ba ni ita."

"Ina wuni, Iya. Ya sanyi, ya aiki?"

"Aiki da godiya. Lubabatu, ke ce kika hana."

"Ba hanawa ba ce, Iya."

"Mece ce? Ƴar fari ce kike wa wannan rawar jiki? Uwarki ta ji?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Tsoro kike. Faɗi mana, ba zagi ba ne. To mu da ke nan, itatuwa ne? Jikokina shida na tsakar gidan nan yanzu haka. Tsaya ki ji." Ta ɗaga wayar. Na ji su kuwa, suna ihu suna rigima a kan wani abu, wani ƙarami na kuka ana lallashinsa. "Kin ji? Su ba ƴaƴa ba ne?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Iya, ki zo ke. Ki yaye ta a nan, ɗakinki na nan a share."

"In bar tattasai a shanya wa ya duba? Awaki?"

"Bayan tsinka to."

"Bayan tsinka ai ta isa tauna ƙashi. Ki yaye abinki, ƴar birni. Allah ya raya." Ta kashe.

Na miƙa masa wayar. Na samu abin da nake so, amma ban ji daɗinsa ba.

"Zan je ni kaɗai," ya ce. "Ba a barin irin wannan a waya."

Wannan ban hango shi ba. Kwana huɗu ina tunanin yarinya, ko sau ɗaya ban kawo cewa in ta zauna shi zai tafi duk da haka ba. Na ce, "Mushe."

"Kada ki ce komai. Uwata ce, kuma ranta ya ɓaci." Ya ɗan yi murmushi na gefen baki. "Ni har yanzu ina nan kan talatin da shidana."

Alhamis da hantsi mahaifiyata ta iso daga unguwar Zengo, labari ya riga ya kai mata. Tun daga zaure take faɗa. Ta ce na zubar mata da mutunci gaban Barebari, ta ce a zamaninsu mace ko kallon ɗan fari ba ta yi in da mutane, ta ce boko ya cire mana kunya kamar yadda ake cire ƙaya. Na durƙusa ina ba da haƙuri. Da ta gaji, ta kwance bakin mayafinta ta fito da ɓawon maɗaci da kwalbar rubutu daga malamin unguwarsu, ta ajiye a kan turmi ba tare da ta dube ni ba. Ta ce in jiƙa ɓawon tun yau, in shafa a nono gobe kafin yarinya ta farka, in ɗaure ƙirji da zane tamau, kuma duk kukan da za ta yi kada in ɗauke ta a gaba.

Juma'a bayan sallar asuba ya fita, da sukari da ganyen shayi da atamfa ɗaya na Iya. Ya tsaya a kan Ilham tana barci, ya ɗauke ta hoto, ya ce zai nuna wa takwararta ko ta huce. Na raka shi bakin ƙofa. Na so in ce ya sauka a Maine ya aika a kira Iya, na san ba zai yi ba, sai na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin, ya ce in rufe ƙofa sanyi na shiga.

Ilham ta farka wajen ƙarfe bakwai, ta rarrafo jikina yadda ta saba, ido a rufe. Ta kama, ta saki. Ta buɗe ido ta dube ni. Ta sake gwada ɗayan, ta tofar, sannan ta fasa kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ba ta rubutu a cokali, rabi ya shiga rabi ya bi wuya. Na ba ta kunu ta ture kofin.

Ya kira daga Gidimuni ya ce sun tsaya direba na sayen rake, ya ji kukan ya ce, "An fara?" Na ce an fara. Ya kira daga Gure wajen sha ɗaya ya ce hanya lafiya, an duba takardunsu sau biyu. Bayan nan na gwada sau uku, wayar ba ta shiga. Ya riga ya gaya mini akwai wurare masu nisa da babu layi, kada in tayar da hankalina. Na ajiye ta a kan taga inda zan ji.

Har aka taso daga masallaci tana kuka tana bin ni ɗaki da tsakar gida, tana jan bakin zanena, ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. Wajen la'asar ta gaji. Ta je da kanta ta ɗauki kofin da ta ture, ta kurɓa sau biyu tana ajiyar zuciya, ta kwanta a kan tabarma da shi a hannu. Na so in ɗauke ta in kai ta gado, amma in na ɗauke ta za ta ji ƙamshin nono ta farka. Sai na jawo kujera na zauna ɗan nesa da ita, ina kore mata ƙuda da mafici.